Shin waƙar taro tana kawo sauyi, ko rakiya kawai take yi masa?

Hauwa'u ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina da tambayar da ta daɗe tana yi mini yawo a zuciya, kuma ina fatan waɗanda suka fi ni sanin tarihi ko sanin waƙa za su taimaka mini da amsa. Duk lokacin da na karanta labarin wata gwagwarmaya ta jama'a, ko ta neman 'yancin ƙasa ce, ko ta yaƙi da wariyar launin fata, ko ta ma'aikata masu neman haƙƙinsu, sai in tarar da waƙa a tsakiyarta. Ba ina nufin waƙar da fitaccen mawaƙi yake yi jama'a na saurare ba. Ina nufin wadda ɗaruruwa ko dubban mutane suke haɗa murya su rera tare, ko a ƙungiyar mawaƙa da ta zauna ta koyi abin, ko a taron da kowa ya zama ɗan amshi. Har akwai ƙasar da ake kiran fitarta daga Tarayyar Sobiyet da juyin juya halin waƙa.

Abin da ya tsaya mini shi ne, shin waƙar tana yin wani aiki na zahiri wanda in babu ita ba zai yiwu ba, ko kuwa wasu dalilai ne suke kawo sauyin, daga baya masu ba da labari su ɗora mata nasarar saboda ta fi daɗin tunawa? Gwamnati tana da soja da kotu da kurkuku da baitulmali, kuma ban ga ta inda murya za ta raunana ko ɗaya daga cikinsu ba. Amma kuma idan waƙar ba ta da tasiri, me ya sa gwamnatoci da yawa suka ɓata lokacinsu wajen haramta waƙoƙi da rushe ƙungiyoyin mawaƙa? Ina roƙon amsar da ta dogara da abin da ya faru a tarihi.

Malam Isiyaku ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama Hauwa'u. Ƙasar da kike nufi ita ce Istoniya, kuma da ita zan amsa miki, domin a can ne aka fi ganin yadda abin yake aiki, muddin mutum bai fara labarin daga 1988 ba. Farkonsa a 1869 ne, a garin Tartu, lokacin da ƙasar take ƙarƙashin daular Rasha, manyan gonaki suna hannun Jamusawa masu ƙasa, harshen mutanen kuwa ana ɗaukarsa harshen manoma da bai dace da ofis ko ilimi mai zurfi ba. Wani ɗan jarida mai suna Johann Voldemar Jannsen ya nemi izinin shirya bikin waƙa da sunan murnar cika shekara 50 da 'yanta manoman yankin daga bautar gona, hukuma kuma ta amince. Mahalartan ba su kai dubu ɗaya ba, kuma duk maza ne, amma sun fito daga garuruwa da ƙauyuka daban-daban, kowace ƙungiya ta koyi waƙoƙin a inda take, ranar da suka haɗu kuma suka ji da kunnensu cewa su al'umma ɗaya ce mai harshe ɗaya. Latbiya ta yi nata bikin a 1873.

Ki duba abin da ake bukata kafin irin wannan biki ya yiwu. Kowace ƙungiya tana bukatar mai koyarwa, wanda sau da yawa malamin makarantar ƙauyen ne. Tana bukatar wurin haɗuwa a kai a kai, da littattafan waƙa da aka buga a harshen mutanen, da kwamitin da zai tara kuɗi ya shirya tafiya, da wasiƙu tsakanin wannan gari da wancan domin kowa ya san abin da za a rera. Mutanen da ba a yarda su kafa jam'iyya ba sai ga su da kayan aikin jam'iyya, wato shugabanni da rassa da hanyar isar da saƙo, kuma babu wanda zai ce sun karya doka. A ganina wannan shi ne rabin amsar tambayarki, kuma shi ne rabin da aka fi mantawa da shi.

Da Tarayyar Sobiyet ta mamaye ƙasar a 1940, ta kuma sake kama ta a 1944 bayan an kori sojojin Jamus, ba ta soke bikin ba, sai ta mayar da shi nata, ta cika jadawalinsa da waƙoƙin yabon mulkin kwaminisanci. Duk da haka a bikin 1947 an rera wata waƙar ƙaunar ƙasa wadda Lydia Koidula, 'yar Jannsen, ta rubuta baitocinta tun ƙarni na 19, Gustav Ernesaks kuma ya yi mata sabon kari a 1944. Daga baya hukuma ta cire ta daga jadawali. A bikin 1960, bayan an kammala abin da aka tsara, mawaƙan suka ɗauki waƙar da kansu ba tare da umarnin kowa ba, 'yan kallo kuma suka kama. Dandalin da ke Tallinn, babban birnin ƙasar, yana tara mawaƙa sama da dubu 20 a lokaci ɗaya, ga kuma taron 'yan kallo da ya ninka su. Babu kurkukun da zai ɗauki wannan jama'a, kuma babu wanda za a nuna a ce shi ya fara. Wanda ya tsaya a wurin ya koma gida da wani sani da hukuma ta yi shekaru tana ɓoye masa, cewa abin da yake ji a zuciyarsa maƙwabcinsa ma yana ji.

Saboda haka da ƙofa ta buɗe, mutanen sun riga sun san inda za su taru da abin da za su yi idan sun taru. A dararen watan Yunin 1988 matasa suka riƙa cika filin bikin suna rera waƙoƙin kishin ƙasa, suna ɗaga tutar da aka haramta. Ranar 11 ga Satumba na wannan shekara aka yi taron da aka ƙiyasta ya kai mutum dubu 300, a ƙasar da duka jama'arta wajen miliyan ɗaya da rabi ne. A watan Nuwamba majalisar Istoniya ta ayyana cewa dokokinta suna gaba da na Moscow. Ranar 23 ga Agustan 1989 mutane wajen miliyan 2 suka riƙe hannun juna daga Tallinn zuwa Riga ta Latbiya zuwa Vilnius ta Lituweniya, tsawon fiye da kilomita 600, kuma ranar 20 ga Agustan 1991 Istoniya ta maido da 'yancinta.

Lawal ya amsa:

Malam Isiyaku, na amfana da bayaninka, amma ina ganin ya ƙarfafa shakkun Malama Hauwa'u fiye da yadda ya kawar da su. Mutanen Istoniya sun rera waƙar nan a 1947, amma a watan Maris na 1949 aka kwashe mutum wajen dubu 20 daga ƙasar aka kai Siberiya. Sun rera ta a 1960, sun sake rerawa a 1969, mulkin kuma bai girgiza ba. Abin da ya bambanta 1988 shi ne Mikhail Gorbachev yana kan mulki tun 1985, ya sassauta takunkumin magana, tattalin arzikin Sobiyet ya durƙushe, yaƙin Afganistan ya gajiyar da ita, kuma ranar da Istoniya ta ayyana 'yancinta, masu yunƙurin juyin mulki a Moscow suna daf da faɗuwa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ko zanga-zangar farko da ta yi nasara a ƙasar, a 1987, a kan shirin haƙar ma'adinin fosfet ne da zai gurɓata ruwa, kuma masana kimiyya da ɗalibai da 'yan jarida ne suka ja ta.

Akwai kuma wuraren da aka rera waƙa da dukan zuciya, aka kuma sha kaye. A Vilnius ranar 13 ga Janairun 1991 jama'a sun kewaye hasumiyar talabijin ba su da makami, suna waƙa, sojoji suka kashe mutum 14. A sansanin Terezin, inda 'yan Nazi suka tsare Yahudawa, Rafael Schächter ya koya wa fursunoni babbar waƙar makoki ta Verdi, mai tsara kiɗa ɗan Italiya, da ka, suka rera ta sau da yawa, har a gaban wakilan ƙungiyar agaji ta Red Cross a watan Yunin 1944, kuma a watan Oktoba aka tura shi Auschwitz, bai dawo ba, haka ma mafi yawan mawaƙansa. A Hong Kong a 2019 dubban mutane sun cika tituna da manyan kantuna suna rera waƙar gwagwarmayarsu, aka janye ƙudurin dokar miƙa waɗanda ake tuhuma ga China da ya haddasa rikicin, amma a 2020 aka kafa dokar tsaron ƙasa da ta fi shi tsauri, a watan Mayun 2024 kuma kotun ɗaukaka ƙara ta amince a hana waƙar kanta. Ba na ambaton waɗannan domin raina waɗanda suka rera ba, hasali ma labarin Terezin yana daga cikin abubuwan da suka fi taɓa ni a duk abin da na karanta. Amma tambayar da aka yi a kan sauyin siyasa ce, kuma idan za mu ƙirga inda waƙa ta raka nasara, adalci ne mu ƙirga inda ta raka shan kashi.

Abu na ƙarshe shi ne azzalumai ma sun san darajar wannan makami. Ƙungiyar matasan Hitler da waƙa take tashi, da waƙa take maci, kuma yaran da suka girma a cikinta sun ji irin haɗin kan da mawaƙan Tallinn suka ji.

Malama Rifkatu ta amsa:

Ni ba masaniyar tarihi ba ce kamar 'yan'uwana biyu, mai koyar da ƙungiyar mawaƙa ce, saboda haka zan yi magana a kan abin da waƙar take yi wa mai rera ta, domin a can nake ganin amsar take. Malam Lawal ya yi gaskiya cewa waƙa ba ta tare harsashi. Amma kafin a kai ga harsashi, mulkin danniya yana rayuwa ne a kan tsoron da kowane mutum yake ji shi kaɗai, kuma waƙar taro a wannan wurin take yin aikinta. Mai jin tsoro numfashinsa gajere ne, maƙogwaronsa a shaƙe. Ba zai iya riƙe dogon baiti a haka ba, dole ya ja numfashi mai zurfi ya sake shi a hankali, kuma dole ya yi hakan a daidai lokacin da na kusa da shi yake yi. Masu bincike a Gothenburg ta Suwidin sun nuna a 2013 cewa bugun zuciyar masu rera waƙa tare yakan riƙa hawa da sauka lokaci guda. Wani bincike na Jami'ar Oxford a 2015 ya kwatanta azuzuwan manya masu koyon waƙa da masu koyon sana'ar hannu ko rubutu, ya gano cewa masu waƙa sun fi saurin shaƙuwa da juna a watan farko, ko da yake bayan wata bakwai sauran sun kamo su. Wannan saurin shi ne abin da gwagwarmaya take bukata, domin baƙin juna ne suke haɗuwa a titi, kuma ba su da wata bakwai.

Ki ɗauki abin da ya faru a kurkukun Parchman na jihar Mississippi a Amurka a 1961. An tsare matasan da suka shiga motocin haya baƙi da farare tare domin karya dokar wariya, aka rarraba su a ɗakuna ba sa ganin juna, amma suna jin juna, sai suka riƙa waƙa dare da rana. Gandurobobi suka ce in ba su daina ba za a kwashe musu katifu. Ba su daina ba, aka kwashe katifun, suka ci gaba a kan ƙarfen gado. A nan fursuna ya gane cewa akwai abin da yake hannunsa wanda ganduroba yake nema bai samu ba, kuma mutumin da ya gane haka ya fi wuyar karyawa. Waƙar da ta zama taken wannan gwagwarmaya, wadda take alƙawarin cewa nasara tana tafe, asalinta waƙar coci ce. Mata baƙaƙen fata masu aikin taba a Charleston suka rera ta a yajin aikinsu na 1945 zuwa 1946, daga nan ta isa makarantar Highlander a Tennessee inda ake horar da 'yan ƙwadago, daga can ta isa hannun ɗalibai a 1960. Ranar 15 ga Maris 1965, kwana takwas bayan dukan da aka yi wa masu macin neman haƙƙin jefa ƙuri'a a garin Selma, Shugaba Lyndon Johnson ya tsaya a gaban majalisa ya furta kalmomin amshinta da bakinsa, a watan Agusta kuma ya sa hannu a dokar 'yancin jefa ƙuri'a. Ban ce waƙar ce ta rubuta dokar ba, amma shekara 20 tana ratsa coci da masana'anta da makaranta da kurkuku, tana haɗa mutanen da ba su taɓa ganin juna ba.

A Afirka ta Kudu abin ya fi haka zurfi, domin rera waƙa da muryoyi huɗu abu ne da yaro yake tashi da shi a makaranta da coci, ta yadda taron da bai taɓa yin gwaji ba yakan raba muryoyinsa da kansa. Enoch Sontonga, malami a wata makarantar mishan kusa da Johannesburg, ya tsara waƙar Nkosi Sikelel' iAfrika a 1897 a matsayin addu'a domin ɗalibansa. Jam'iyyar ANC mai fafutukar haƙƙin baƙar fata ta ɗauke ta a matsayin waƙar rufe taronta a 1925, gwamnatin wariya ta tsane ta, a yau kuma tana cikin taken ƙasar, karinta ma shi ne na taken Tanzaniya da na Zambiya. Ranar 9 ga Agustan 1956 mata wajen dubu 20 suka je fadar gwamnati a Pretoria domin ƙin dokar takardar izinin zirga-zirga, suka tsaya shiru na rabin sa'a, sannan suka ɗauki waƙa. Duk mai koyar da mawaƙa ya san cewa tsayar da mutane masu yawa shiru ya fi sa su waƙa wuya, kuma horo ɗaya ne yake haifar da biyun. Vuyisile Mini, shugaban ƙwadago mai kakkaurar murya wanda ya tsara waƙoƙin gwagwarmaya da dama, an rataye shi a Pretoria ranar 6 ga Nuwamba 1964, kuma fursunonin da suke kurkukun sun ba da shaidar cewa da waƙa ya tafi wurin ratayar. Bayan shekara 30 aka yi zaɓen farko da kowa ya jefa ƙuri'a. Tsakanin waɗannan ranaku biyu dole wani abu ya riƙe mutane kada su sare, kuma ina da yaƙinin waƙa tana cikin manyan abubuwan da suka riƙe su.

Hauwa'u ta sake rubutawa:

Na gode muku ƙwarai. Abin da na fahimta zuwa yanzu shi ne waƙar taro tana tanadar mutane da tsari da ƙarfin zuciya, amma damar yin amfani da su daga wani wuri take zuwa. Sai dai maganar Malam Lawal ta ƙarshe ba wanda ya taɓa ta, kuma ita ce ta fi damuna. Idan abin da Malama Rifkatu ta bayyana yana faruwa a jikin kowane mai rerawa, to yana faruwa a jikin yaron da ke macin Hitler kamar yadda yake faruwa a jikin fursunan Parchman. Da me za a bambanta su, in ba da ra'ayinmu a kan wanda yake da gaskiya ba?

Malam Isiyaku ya amsa:

Malama Hauwa'u, ina ganin akwai ma'aunin da bai dogara da ra'ayi ba, wato a tambayi wane ne ya zaɓi waƙar, da kuma abin da zai sami wanda ya ƙi buɗe baki. Jamus kanta ta ba da misali. Kafin Hitler akwai tarayyar ƙungiyoyin mawaƙa na ma'aikata da aka kafa a 1908, mai mambobi dubu ɗaruruwa, waɗanda suke zaɓen shugabanninsu da waƙoƙinsu. 'Yan Nazi sun hau mulki a watan Janairun 1933, kuma a cikin wannan shekara tarayyar ta rushe. Gwamnatin da take son waƙa fiye da kowace ba ta iya jure ƙungiyar mawaƙan da ba ita take ba ta umarni ba. Haka a Tallinn a 1960, mawaƙa ɗaya ne, dandali ɗaya, rana ɗaya, sun rera abin da aka umarce su, sannan suka rera abin da suka zaɓa, kuma na biyun ne kawai ya dami hukuma. Waƙar dole ba ta gaya wa kowa abin da ke zuciyar maƙwabcinsa, domin kowa ya san cewa wanda ya yi shiru zai fuskanci hukunci. Wadda ake rerawa alhali akwai haɗari a cikin rera ta, ita ce take zama shaida.

Lawal ya amsa:

Ma'aunin yana da ƙarfi, Malam, kuma na yarda ya raba Tallinn da macin 'yan Nazi. Amma bai isa ba, domin mutane suna iya zaɓen waƙar ƙiyayya da son ransu. A Ruwanda kafin kisan ƙare dangi na 1994, Simon Bikindi yana cikin mawaƙan da aka fi so a ƙasar, yana da ƙungiyar masu waƙa da rawa, kuma babu wanda aka tilasta wa haddace waƙoƙinsa. Gidan rediyon RTLM ya riƙa sa su a lokacin da ake kashe 'yan Tutsi. Da aka gurfanar da shi a kotun duniya da aka kafa a Arusha ta Tanzaniya, alƙalan sun yarda cewa uku daga cikin waƙoƙin an tsara su ne domin yaɗa ƙiyayyar ƙabilanci, amma ba a tabbatar musu cewa yana da hannu a watsa su a watannin kisan ba, saboda haka ba a kan waƙa suka hukunta shi ba. A watan Disambar 2008 suka yanke masa ɗaurin shekara 15 saboda kiran da ya yi da lasifika daga cikin mota a yankin Gisenyi, yana tunzura mutane su ci gaba da kisa. Don haka zan ƙara tambaya ta uku a kan biyun da ka kawo, wato wane ne waƙar take kira ya shigo cikin taro, wane ne kuma take nunawa da yatsa. Ina son in ji ko Malama Rifkatu tana ganin mai koyarwa yana iya gane wannan tun a wurin gwaji, kafin waƙar ta fita daga hannunsa ta shiga titi.